Yadda Ake Gwada Likkafanin Turin da Abin da Bishara Ta Faɗa

A babbar majami'ar Yahaya Mai Baftisma da ke Turin, arewacin Italiya, ana ajiye da wani dogon yadin lilin mai tsawon mita 4.4 da faɗin mita 1.1, wato yadi biyar ba kaɗan. A jikinsa akwai dishi-dishin siffar mutum tsirara, gaba da baya, mai gemu da dogon gashi, ga tabon bulala, ga na ƙusa, ga na mashi. Kirista da yawa sun ɗauke shi a matsayin likkafanin da aka naɗe Yesu da shi. Wasu kuma, har da wani bishop na Katolika tun ƙarni na 14, sun ce aikin hannun mutum ne. Da Ista ta ƙarato hoton fuskar nan yakan fara yawo a wayoyi, kafin ka ankara wani ya ɗaga hannu a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki ya ce, "Malam, wannan abin gaskiya ne?"

Wannan bayani na mai jagorar irin wannan aji ne, fasto ko fada ko malamin makarantar Lahadi, da kuma mai son ya bincika da kansa. Abin da ya fi lalata wannan nazari shi ne farawa da hoto. Idan ido ya riga ya ga fuskar, duk ayar da aka karanta daga baya da fuskar nan a rai za a karanta ta. Don haka a fara da nassi, sannan a shimfiɗa yadi, sannan a duba tarihi da gwajin kimiyya, maganar bangaskiya ta zo a ƙarshe. Kayan aiki kaɗan ne: Littafi Mai Tsarki, in da hali fassara iri biyu, allo da alli, farin yadi biyar, da hoton likkafanin gaba ɗayansa wanda aka buga a takarda, ba na fuska kaɗai ba. Zama biyu ya fi zama ɗaya.

Nassi tukuna, hoto yana aljihu

A raba wa mutum huɗu waɗannan wurare su karanta da ƙarfi: Matiyu 27:57-61, Markus 15:42-47, Luka 23:50-56 tare da 24:12, sai Yahaya 19:38-42 tare da 20:1-10. Mutum na biyar ya riƙe Yahaya 11:44, fitowar Li'azaru daga kabari. A ja layi huɗu a allo, a rubuta a ƙarƙashin kowace Bishara wanda ya yi jana'izar, abin da aka naɗe jikin da shi, ko an ambaci kayan ƙanshi, da abin da aka tarar ranar Lahadi da safe.

A nan mai karatu da Hausa yake bukatar taimako, domin kalmar likkafani takan haɗiye kalmomi biyu mabambanta na Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Matiyu da Markus da Luka sun ce *sindon*, wato ƙyallen lilin guda ɗaya. Markus ya ce Yusufu mutumin Arimatiya saya ya yi, Matiyu ya ce mai tsabta ne. Yahaya kuwa ya ce *othonia*, kalmar jam'i ce, ƙyallaye. Sai kalma ta uku, *soudarion*, mayani, wanda Yahaya 20:7 ya ce yana bisa kan Yesu, aka same shi a naɗe waje ɗaya shi kaɗai, ba tare da sauran ba. Ƙaramin abu ne: ita ce kalmar da aka yi amfani da ita a Luka 19:20 ga ƙyallen da bawa ya ƙulle kuɗin maigidansa a ciki, da kuma Ayyukan Manzanni 19:12.

To, ƙyalle ɗaya ne ko da yawa? Luka ne mahaɗa. A 23:53 ya ce *sindon*, da Bitrus ya leƙa kabarin a 24:12 sai ya ce *othonia*. Marubuci ɗaya ya yi amfani da duka biyun ga jana'iza ɗaya, saboda haka kalmomin ba sa karo da juna. Ana iya fahimtar babban mayafi ɗaya tare da ƙananan ƙyallaye na ɗauri. Masu goyon bayan likkafanin Turin sukan ƙara da cewa a labarin Li'azaru Yahaya ya yi amfani da wata kalma dabam, *keiriai*, tsirkiyoyin ɗauri, ga abin da ya ɗaure hannuwansa da ƙafafunsa, amma bai faɗe ta ga Yesu ba. Masu ja kuma sukan nuna cewa Yahaya 19:40 cewa ya yi sun ɗaure jikin, alhali siffar da ke Turin ta fi kama da ta jikin da aka kwantar aka lulluɓe, ba a matse ba. Duka biyun a cikin nassin suke, ka rubuta su a allo kusa da juna.

Mayanin ne ƙashin da ya fi wuyar tauna. Tun 1543 John Calvin, ɗaya daga cikin jagororin Furotesta, ya kafa hujja da shi: in akwai mayani dabam a kan fuska, ta yaya siffar fuska ta fito a babban yadin? Amsoshin da ake bayarwa biyu ne. Ta farko, mayanin na ɗaure haɓa ne, ana zagayo da shi daga ƙarƙashin haɓa zuwa tsakar ka don kada baki ya buɗe, bai rufe fuska ba. Wannan al'ada sananniya ce wurin Yahudawa, an ambace ta a Mishna, tarin dokokinsu da aka kammala wajen shekara ta 200. Ta biyu, an rufe fuskar da shi tun a bisa gicciye, aka cire kafin a sa likkafani. Masu wannan ra'ayi sukan kawo wani ƙyalle mai tabon jini da ke Oviedo a ƙasar Sifen, mai santimita 84 da 53, wanda ba shi da siffa ko kaɗan. Sai dai gwajin shekaru ya nuna ƙyallen Oviedo na wajen ƙarni na 7 ne. Ka gaya wa aji cewa amsoshin nan masu yiwuwa ne, amma nassi bai faɗi ko ɗayansu ba. Iyakar abin da ya ce, mayanin yana bisa kansa.

Kayan ƙanshi ma abin lura ne. Yahaya ya ce Nikodimu ya kawo mur da al'ul awo ɗari na Romawa, kusan kilo 33, wato kashi biyu cikin uku na buhun shinkafa mai kilo 50. Wannan ba turaren shafawa a wuya ba ne. Masu bincike ba su yi ittifaƙi cewa an sami sawunsa a yadin Turin ba. In gari ne busasshe da aka jera a gefen jiki, rashin sawu ba abin mamaki ba ne sosai. In kuwa kwaɓaɓɓe ne aka shafa, da ya ɓata tabon jinin.

Haka batun wankan gawa. Yahaya ya ce an yi bisa al'adar jana'izar Yahudawa, Ayyukan Manzanni 9:37 kuma ya nuna an wanke gawar Tabita. Mutumin da ke jikin yadin da jininsa yake, a goshi, a gashi, a dantse. Ana cewa lokaci ne ya ƙure, Asabar tana shigowa, shi ya sa matan suka dawo da kayan ƙanshi a Markus 16:1. Wannan yana da ƙarfi, sai dai Mishna ta yarda a wanke gawa ko ranar Asabar muddin ba a motsa gaɓa ba. Ana kuma cewa wanda aka kashe akan binne shi da jininsa. Dokar tana nan a littattafan Yahudawa, amma a rubuce-rubucen da suka zo ƙarnuka da yawa bayan zamanin Yesu.

Abu na ƙarshe da za a rubuta a allo shi ne abin da ba a faɗa ba. Babu Bishara ko ɗaya da ta ce akwai siffa a jikin ƙyallen. Babu wadda ta ce wani ya ɗauke shi ya adana. Da Bulus ya jero shaidun tashin Yesu a 1 Korantiyawa 15:3-8, mutane ya lissafa, Kefas wato Bitrus, sha biyun, 'yan'uwa fiye da 500, Yakubu, bai ambaci yadi ba. Amsar da ake bayarwa ita ce abin da ya taɓa gawa ƙazantacce ne bisa Littafin Ƙidaya 19, ga kuma haramcin siffofi, don haka dole a ɓoye shi. Zato ne mai ma'ana, amma zato ne.

Yanzu a shimfiɗa yadi

Ka shimfiɗa farin yadin nan biyar a ƙasa. Ka jera matashin kai biyu ko uku a kan rabi ɗaya, ƙafafu wajen baki, kai wajen tsakiya, ka jawo ɗaya rabin ta saman kai har ya sauka a ƙafafu. Da ka buɗe, kowa zai gane dalilin da ya sa a hoton ake ganin siffa biyu kai da kai, ta gaba da ta baya. Mutane da yawa sun shekara suna ganin hoton fuska ba su san haka yadin yake ba.

Sai ka fito da hoton. Ka fara nuna abin da ba siffa ba, domin shi ne ya fi fitowa a ido: dogayen layuka biyu baƙaƙe da ramuka masu kusurwa uku, ƙunar gobarar da aka yi a Chambéry, birnin Faransa inda yadin yake a lokacin, cikin Disamba 1532, lokacin da narkakkiyar azurfa ta ɗiga a kan yadin yana ninke. Akwai kuma tabon ruwa. Siffar kanta launin kara ce, mai rauni ƙwarai, a saman zare kawai take, ba ta ratsa yadin ba. Wanda ya matso kusa sosai ba ya ganinta, sai an ja baya kamar mita biyu. Fuskar nan mai kwarjini da ke yawo a wayoyi ba ita ido ke gani ba, juyayyen hoto ne, inda fari ya koma baƙi. Mai ɗaukar hoto Secondo Pia ne ya fara ganin haka a ɗakin wankin hoto cikin Mayu 1898. Kana iya nuna wa aji da wayarka: ka kunna juya launi a cikin saitin allo, ka ɗora kamara a kan takardar.

A gwada raunuka da ayoyi. Bulala, Yahaya 19:1: tabo sama da ɗari a baya da ƙirji da ƙafafu. Kambin ƙaya, 19:2: jini a goshi da ƙeya. Mari da duka, Markus 14:65: kumburi a kunci. Mashi, Yahaya 19:34: rauni a haƙarƙarin dama. Ƙafafu ba a karye ba, 19:33-36, inda Yahaya ya koma ga ɗan ragon Idin Ƙetarewa na Fitowa 12:46. Sawun ƙusa a hannu da ƙafa, Yahaya 20:25 da Luka 24:39.

Da an gama wannan jeri aji yakan yi tsit, a nan ne jagora zai yi hattara. Dacewar ta nuna cewa siffar ta Yesu ce ake nufi, wannan babu mai musu. Ba ta nuna lokacin da aka yi ta ba, domin mai sana'a na ƙarni na 14 shi ma Bisharar nan ya sani. Abin da ke da nauyi shi ne wuraren da yadin ya saɓa wa yadda masu zane na wancan zamani suka saba yi. Sawun ƙusar yana wajen wuyan hannu, ba tsakiyar tafi ba, kalmar Helenanci ta hannu kuwa tana iya haɗawa da wuyan hannu. Likitan fiɗa na Faransa, Pierre Barbet, ya yi gwaje-gwaje a shekarun 1930 ya ce tafin hannu ba zai ɗauki nauyin jiki ba. Tabon ƙayar ya fi kama da na hula da ta rufe kai, ba zobe ba. Ba a ganin manyan yatsu. A lura dai, hannu ɗaya ne kawai ake ganin rauninsa, ɗayan yana ƙarƙashi, kuma Bishara ba ta faɗi gefen da aka soka ba.

Adalci ya sa a nuna ɗaya gefen, kuma da gwaji ya fi. Ka shafa garin gawayi a ƙwarya ko 'yar tsana, ka lulluɓa mata farin ƙyalle, ka danna, ka buɗe. Siffar za ta fito a baje, ta fi asalin faɗi, domin yadin ya zagaya gefe. Fuskar Turin ba ta da wannan bajewa, kamar hoton madubi take. Na biyu, wani ya kwanta rigingine a tabarma, kafaɗu a ƙasa, ya gwada haɗa hannuwa a ƙasan mara kamar yadda suke a hoton. Yawancin mutane ba sa kaiwa sai sun ɗaga kafaɗa. Masu goyon baya sukan ce jikin ya sandare ne da kai a sunkuye da gwiwa a tanƙware, kuma ba ta taɓawa siffar ta samu ba. Gashin ma ya zubo gefen fuska kamar na mutumin da ke tsaye.

Tonon ƙasa a Urushalima ya ba da abin kwatance guda biyu. A 1968 an sami ƙasusuwan wani da aka gicciye a ƙarni na 1, mai suna Yehohanan, da ƙusa ta ratsa ƙashin diddigensa ta gefe. A 2000 kuma an sami ragowar likkafani na ƙarni na 1 a wani kabari a Akeldama. Saƙarsa mai sauƙi ce, zare ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma ba ƙyalle ɗaya ba ne. Na Turin saƙar ƙayar kifi ce, zare yana tsallake uku ya shiga ƙarƙashin ɗaya, aikin tsada. Kabari ɗaya ba ya zama doka ga dukan jana'izar Yahudawa, Yusufu kuma mai arziki ne, amma wannan shi ne misalin da ke hannu.

Tarihi da gwajin shekaru

Tarihin da ba a jayayya a kansa ya fara ne wajen 1355 a Lirey, wani ƙauye a Faransa, a majami'ar da jarumi Geoffroi de Charny ya gina. A 1389 bishop na Troyes, Pierre d'Arcis, ya rubuta cewa wani bishop da ya gabace shi ya bincika har ya gano mai zanen da ya yi aikin. A 1390 Clement na VII, mai iƙirarin kujerar Fafaroma wanda ke zaune a Avignon, ya yarda a ci gaba da nuna yadin da sharaɗin a sanar cewa kwatanci ne. Gidan sarautar Savoy ya karɓe shi a 1453, aka kai shi Turin a 1578, ya koma mallakar Fafaroma a 1983 bisa wasiyyar Umberto na II, tsohon sarkin Italiya daga gidan Savoy. Don cike giɓin shekara 1,300 na baya, akan kawo wani ƙyalle mai hoton fuskar Yesu da aka ɗauko daga birnin Edessa aka kai Konstantinoful a 944, da shaidar jarumi Robert de Clari, wanda ya ce ya ga wani likkafani mai siffar Ubangiji a birnin kafin a washe shi a 1204. Haɗa waɗannan da yadin Turin hasashe ne, yawancin masana tarihi ba su karɓa ba.

A Oktoba 1978 wata tawagar masana, yawancinsu daga Amurka, ta yi awa 120 tana binciken yadin. Rahotonta na 1981 ya ce ba fenti ne ya yi siffar ba, tabon kuma jini ne, amma ba ta gano yadda siffar ta samu ba. Walter McCrone, wanda ya duba zarurrukan da aka ɗebo da madubin ƙara girma, ya ce shi jan fenti ya gani. Ka faɗi duka biyun.

Sai gwajin 1988. Duk tsiro yana shan wani nau'in kabon daga iska muddin yana da rai, da an yanke shi sai kabon ɗin ya fara raguwa, rabinsa yana tafiya cikin shekara 5,730. In an auna abin da ya rage a zare, an san lokacin da aka girbe lilin ɗin. Ranar 21 ga Afrilu aka yanko tsiri daga kusurwa ɗaya, aka raba wa ɗakunan gwaji uku, Oksfod da Zurik da Arizona, kowanne ya sami kimanin miligiram 50. Ranar 13 ga Oktoba Kadinal Ballestrero na Turin ya sanar da sakamako: tsakanin 1260 da 1390. Faɗuwa ta zo daidai da zama, domin shekarun Lirey suna cikin wannan tazara.

Tsugune dai ba ta ƙare ba. Raunin gwajin na gaske shi ne daga wuri ɗaya aka ɗebo, kusurwar da hannaye suka sha riƙewa. Raymond Rogers, ɗaya daga cikin masanan tawagar 1978, ya rubuta a 2005 cewa wurin gyararre ne da sabon zare, ko da yake Mechthild Flury-Lemberg, masaniyar saƙa da ta jagoranci gyaran 2002 ta kuma ga bayan yadin, ta ce babu irin wannan faci. A 2019 an sake duba ɗanyun alƙaluman ɗakunan gwajin, aka nuna ba su daidaita da juna yadda ya kamata ba. Wannan dalili ne na neman sabon gwaji, amma saɓanin na shekaru gommai ne, ba na ƙarni 13 ba. Hujjar cewa datti da hayaƙi ne suka sa yadin ya fito sabo a gwajin kuwa, lissafi ya kayar da ita: kafin sabon kabon ya ja yadin ƙarni na 1 zuwa na 14, sai dattin ya kai kusan kashi biyu cikin uku na abin da aka auna, kuma an wanke samfurin kafin gwaji. A ganinmu, gaskiyar da za a gaya wa aji ita ce hujjar shekaru ta fi karkata ga ƙarni na 13 ko 14, yadda siffar ta samu kuma ba a warware shi ba. Kada a yi amfani da na biyun a share na farkon. Rashin sanin yadda aka yi abu bai gaya maka yaushe aka yi shi ba.

Akwai maganganun da ya kamata a bari a waya, kada su hau bagade. Ɗaya ita ce tatsuniyar cewa a al'adar Yahudawa maigida in ya ninke ƙyallen cin abinci yana nufin zai dawo, don haka naɗaɗɗen mayani saƙo ne na dawowar Yesu. Babu wannan al'ada a tsofaffin littattafan Yahudawa, mayanin ba na tebur ba ne, kalmar kuma naɗewa take nufi, ita ce Matiyu ya yi amfani da ita wajen naɗe jikin. Sauran su ne tsabar kuɗin Bilatus da wai ake gani a kan idanu, wadda hotuna masu kyau ba su tabbatar ba, da cewa an gano ƙwayar halittar Yesu. Binciken 2015 a kan ƙurar yadin ya sami sawun mutane da tsirrai daga ƙasashe barkatai, abin da ake tsammani ga yadin da aka shekara ɗaruruwa ana taɓawa. Hotunan fuska masu launi da kwamfuta ke ƙerawa su ma zane ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, matashin da ya gano ɗaya daga cikin waɗannan ƙarya ce zai fara shakkar sauran wa'azin.

Inda bangaskiya ta shigo

Ka raba tambayoyi uku a allo, don aji yakan cakuɗa su. Yadin na zamanin Yesu ne? Wannan ta tarihi da kimiyya ce. Yesu ya tashi daga matattu? Ikilisiya ta tsaya a kan shaidar manzanni tun kafin a ji labarin Lirey. Ya halatta a girmama irin wannan abu? Wannan ta koyarwa ce, a nan ne ɗarikoki suka rabu. Ko da gobe an tabbatar yadin na ƙarni na 1 ne, abin da zai nuna shi ne an gicciye wani mutum an naɗe shi. In kuma an tabbatar na ƙarni na 14 ne, babu aya ɗaya da ta faɗi.

Cocin Katolika ba ta taɓa wajabta wa kowa gaskata sahihancinsa ba, 'yan Katolika da yawa ba su san haka ba. Fafaroma John Paul na II, da ya tsaya gabansa a Mayu 1998, ya kira shi madubin Bishara, ya ce tun da ba batun bangaskiya ba ne, Ikilisiya ta bar wa masana kimiyya binciken. Benedict na XVI a 2010 ya kira shi hoton ibada na Asabar Mai Tsarki, ranar da Yesu ya yini a kabari. Tushen girmama irin waɗannan abubuwa yana komawa majalisar Nikiya ta biyu a 787, wadda ta bambanta girmamawa da sujadar da ta Allah ce shi kaɗai. Majalisar bishop-bishop na Katolika a Trent a 1563 ta tabbatar da haka, ta kuma yi umarni a kawar da camfi da neman kuɗi a harkar.

Ayoyin da kowane ɓangare ke riƙewa a karanta su duka. Na masu girmamawa: ƙasusuwan Elisha da suka ta da mamaci a 2 Sarakuna 13:21, matar da ta taɓa gezar rigar Yesu a Matiyu 9:20-22, mayanan da aka kai wa marasa lafiya daga jikin Bulus. Na masu ƙi: Fitowa 20:4-5, 2 Korantiyawa 5:7, da maganar Yesu ga Toma a Yahaya 20:29. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, ayar nan kuwa ta sa albarka ga wanda bai gani ba ya gaskata. Amma a lura Yesu bai hana Toma dubawa ba, kuma a 20:8 almajirin da ya shiga kabarin bayan Bitrus ƙyallayen ya gani ya ba da gaskiya.

Labarin da ya fi amfani ga aji mai gauraye shi ne na macijin tagulla. Allah ne ya umarci Musa ya ƙera shi a Littafin Ƙidaya 21:8-9, mutane suka dube shi suka rayu, Yesu ma ya kwatanta kansa da shi a Yahaya 3:14. Duk da haka, da Isra'ilawa suka fara ƙona masa turare, sarki Hezekiya ya farfashe shi, 2 Sarakuna 18:4. Abin sahihi ne ɗari bisa ɗari, sahihancin bai hana shi zama gunki ba. Daga nan za a iya fitar da ma'auni mai sauƙi. Wanda ya dubi hoton ya koma ya karanta Ishaya 53 da Yahaya 19 da sabon ido, Katolika da Furotesta duk za su gane abin da ya yi. Wanda ya sa hoton ƙarƙashin matashi don maganin mayu, ko ya sayi wani ƙyalle da aka ce an goga a likkafanin don warkar da ciwo, ya faɗa cikin abin da Trent da Calvin duka suka hana.

In wani a aji ya ce zai kai hoton wurin maƙwabcinsa Musulmi a matsayin hujja, ka ba shi shawara ya bari. Saɓanin da ke tsakanin addinan biyu a kan gicciye na nassi ne, Suratun Nisa'i aya ta 157 ta ce ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, yadin da Kirista da kansu ba su daidaita a kansa ba kuwa ba zai raba wannan gardama ba.

Mai niyyar zuwa Turin ya sani cewa ba a ganin yadin a ranakun yau da kullum. Tun bayan gobarar Afrilu 1997, wadda ta ci ɗakin ibadar da aka saba ajiye shi, yana kwance a miƙe cikin rufaffen akwati mai iskar argon, a ɗakin ƙarshe na hannun hagu cikin majami'ar. Abin da mai ziyara zai gani shi ne akwatin a lulluɓe, ta bayan gilashi. An fito da shi ga jama'a a 1978, 1998, 2000, 2010 da 2015, kuma sai da izinin Fafaroma ake yi. Akwai gidan tarihin likkafanin a titin San Domenico, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa daga majami'ar, a can ake ganin kwafi mai cikakken tsawo da akwatin kamarar Secondo Pia.